Yadda Na Sato Tafiyar Surukina

Ku matso nan inuwa, ku kuma mayar da wayoyin nan aljihu, don ba na magana ana auna ni da waya kamar an kama ɓarawon akuya. Kun ce kuna son ku zama 'yan wasan barkwanci, wai ai abin ba wuya, mutum ya karkata hula ya faɗi ƙasa a yi dariya. To madalla. Jiya na ga wanda kuka ɗauka a bakin tasha. Wancan dogon ya faɗi sau uku, kuma duk cikin hoton ba wanda ya yi dariya sai mai riƙe da wayar. Ni Ummaru, da duk Boɗinga ta manta sunana take kirana Lawashi, na fi shekara talatin ina cin tuwo da wannan sana'a, kuma har yau ban raina ta ba. Bari in ba ku labarin yadda na sami sunan nan, da yadda ya kusa raba ni da sana'ata ko matata a cikin wata ɗaya.

Aikin farko da na yi wa wasa ɗinkin tumbi ne. Lokacin ina koyon ɗinki a kasuwar Boɗinga, sai ga wani siririn mutum ya tsaya a kan kekena ya ce in ɗinka masa ciki. Na ɗauka taɓin hankali ne. Ashe Arzika ne, shugaban 'yan wasan da ke zaga ƙauyuka ranar kasuwa, suna wasan kwaikwayo a kan rigakafi da tsabtar rijiya da rikicin gona. Na ɗinka masa da buhun gari, na cusa tsumma, na sa igiya ɗaya a ƙugu. Ya ce in biyo su kasuwar Dandin Mahe in ga aikina. Ana tsakiyar wasa, ya fito a Alhaji mai kuɗi yana zazzaga wa baransa masifa, sai igiyar ta kwance, tumbin ya sauko har gwiwa. Ni ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa bai ko ƙifta ido ba. Ya dubi tumbin, ya dubi mutane, ya sunkuya ya tallabo shi kamar jariri, ya ce da baran, "Ka gani ko? Tun da sahe nika hwaɗa maka yunwa nika ji." Kasuwa ta kwashe da dariya har masu awo suka bar mudu suka taho. Ranar na koyi cewa da audugar rimi ake cusa tumbi, a sa masa igiya huɗu, biyu a kafaɗa biyu a ƙugu. Ranar kuma na gane ba don ɗinki Allah ya yi ni ba.

Shekara uku ina ɗaukar jakar kaya kafin Arzika ya bar ni in buɗe baki a gaban mutane. Kada ku raina jakar nan. Akwai gemu a ciki, na bunsuru na gaske, daga wurin mahauta muke karɓowa, kuma in ba ka wanke shi da toka ka shanya kwana uku ba, wanda kuke wasan tare ba zai iya tsayawa kusa da kai ba. Da ƙaro ake liƙa shi, a jiƙa ƙaron tun da safe ya yi kauri, don in ya yi ruwa, gumi na zubowa gemu zai koma wuya. Furfura da alli ake yi. Giɓi kuwa gawayi ne ake gogawa a haƙori bayan an tsane shi da tsumma, kuma daga nan ba ka shan ruwa sai an tashi. Ga malafa wadda ɓera ya ci gefenta, ga riga 'yar shara, ga takalmin taya mai ɗaurin waya. Duk ni ke wankewa, ni ke gyarawa, in wani abu ya ɓace ni ke shan faɗa.

Amma babban kayan aikin ba ya cikin jaka. Kowace ranar kasuwa Arzika zai zaunar da ni kusa da masu awo ya ce kada in tashi sai na kawo masa tafiya uku. Tafiyar mutane yake nufi. Yadda mai jaki ke tafiya ko babu jakin, yadda sabon ango ke taka ƙasa, yadda wanda ya sayar da sa ke dafe aljihu yana waige. Da yamma in yi masa su, in ya gane ko wane ne to na faɗi. Dokarsa ke nan, kuma ku riƙe ta: ka ɗauki hula a kan wannan, murya a bakin wancan, tafiya a ƙafar wani can, ka haɗa mutumin da babu shi a duniya. Ba a ɗauko mutum sukutum. Yakan ce taubashinka kaɗai aka halatta maka ka yi wa tsiya a bainar jama'a, sauran mutane kowa da mutuncinsa ya fito daga gida, kuma da shi yake so ya koma.

Ranar da aka fara ɗaukata a kyamara, faɗuwa daga kan jaki aka ba ni, a wani fili bayan Dingyaɗi. Faɗuwa kam na iya ta: a tona ƙasa a baza yashi, ka sauka da kafaɗa, kada ka tokare da hannu, ka saki jiki kamar buhu. Abin da ban iya ba shi ne shirun. A kasuwa in ka yi abu mutane na dariya, kai kuma ka jira su gama kafin ka ɗora. A gaban kyamara babu kowa sai darakta da ya ɗaure fuska, da mai riƙe da sandar ɗaukar magana. Na faɗi, na ji tsit, na ɗauka ban yi daidai ba, na tashi na ƙara da tsalle-tsalle, na ɓata komai. Sau tara na faɗo daga kan jakin nan, har ya zamana in na nufo shi sai ya kawar da kai. Daga baya na gano dabara: in kafaɗar mai kyamara na rawa, to abin ya shiga. Tun daga nan na daina kallon darakta, jikin mutane nake karantawa.

A shekarun da kaset ke tashe na yi aure a Shagari. Hajo ɗiyar babban dillalin albasa ce. Sunansa ba za ku ji shi a bakina ba, surukina ne, Baba nake cewa. Mutum ne da in ya sa wa buhu farashi, har masu manyan motoci da ke zuwa daga kudu ba mai musu. Da farko ya ƙi, ya ce ba ya ba da ɗiyarsa ga mai shafa gawayi a haƙori. Wanda ya shiga tsakani shi ne Labbo wanzami, taubashinsa, mutum ɗaya tilo da ke iya ce wa Baba tsohon banza ya kuma kwana lafiya. Labbo ya yi ta zirga-zirga har Baba ya yarda, amma da sharaɗi: duk ranar da wasana ya jawo wa ƙofar gidansa abin kunya, in zaɓa, ko in bar wasa ko in maido masa ɗiyarsa. Na ce na ji na yarda, ina ganin ai ranar ba za ta zo ba.

Ku yaran yanzu kuna zama benci ɗaya da surukanku kuna kallon ƙwallo, don haka sai na yi muku bayani. Mu a wurinmu, in na je gaida Baba, tun daga bakin zaure nake cire takalmi, in durƙusa, in kafa idona a ƙasa. Ba na cin abinci a gabansa, ba na dariya, shi ma ba ya yi a gabana. In yana da magana da ni, ko ina nan tsugune kamu ɗaya da shi, Labbo yake faɗa wa, Labbo ya juyo ya faɗa mini. Shekara goma sha ɗaya muna haka. Da za a jera dattawa biyar a ce in nuna fuskar surukina, sai na yi kokwanto. Amma ƙafarsa, na san ta yatsa-yatsa.

Sai muguwar shekara ta zo. Kasuwar faifai ta mutu, kowa ya koma tura fim a waya, masu shirya fim suka daina kira. Damina ta wuce, rani ya shigo, ba wanda ya ce mini zo ka faɗo daga kan jaki. Na kakkaɓe keken ɗinki, ashe hannuna ya manta, na ɗinka wa wani liman wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ya ce ko wasan ne na fara da shi. Na yi noman albasa a fadamar Dingyaɗi, na zuba ta a rudu, rumfar karan da ake ajiye albasa, ina jiran ta yi tsada, ruwan farko ya shammace ni ya ruɓar da rabi. Hajo ce ta riƙe gidan da sana'ar ƙuli-ƙuli. Ba ta taɓa ce mini in nemi aikin kirki ba, ko da yake na sha ganin maganar ta zo bakinta ta koma.

Ana nan sai wani darakta ya aiko daga Sakkwato, wai gidan talabijin na son shirin barkwanci na mako-mako a kan kasuwar albasa, kuma yana son sabon mutum cikin kwana uku: dillali sakarai wanda kullum ake cuta. Sunan Lawashi ni na raɗa masa, ganyen albasa ke nan da ake yankewa a bar wa mata su busar su yi gabu na miya. Malafar na ɗauko a kan wani mai rake, muryar ta wani mai tallar magani ce na rage mata ƙarfi, na ɗinka sabon tumbi ɗan madaidaici. Tafiya ce ta gagara. Na gwada goma a tsakar gida, ko kaji ba su kula ni ba.

Ranar ɗauka, a wata rumfa a Dandin Mahe, da hantsi, darakta ya ce in taho daga bakin hanya in iso wurin buhuna. Na tsaya, kaina babu komai. Ya daka tsawa ya ce in taho. Sai ƙafafuna suka taho da kansu. Ta dama ta taka, ta hagu ta ja ƙasa ta zagayo waje kamar lauje, ta tsaya, diddige ya bugi ƙasa sau biyu, sannan jiki ya biyo. Ban yi taku biyar ba na ga kafaɗar mai kyamara na rawa, mai sandar magana ya sake ta ta bugi rumfa, darakta ya cusa hularsa a baki. Na ce a raina, Ummaru, yau Allah ya yi maka baiwa. Har sadaka na yi da na dawo gida. Shiri huɗu muka ɗauka a mako guda.

Ranar da aka nuna na farko, gidan maƙwabcinmu mai talabijin ya cika har kan katanga. Ana ta faɗuwa da dariya, ni ina gefe ina hura hanci. Na waiwaya ɓangaren mata don in ga Hajo, sai na ga ta ja mayafi ta fita. Na same ta a gida zaune a bakin gado. Ta dube ni ta ce, "Malam, ka san ƙahwar wa kaɗ ɗauko?" Na ce tawa ce mana. Ta ce in sake yi ta gani. Na ja ƙafar hagu, na zagayo, na buga diddige, kuma kafin in buga na biyu na tsaya. Tabarmar zauren Shagari ce ta faɗo mini a rai, da ƙafar da ke takowa kanta duk lokacin da na je gaisuwa. Shekara goma sha ɗaya ina kallon abu ɗaya, ya shige jikina ban sani ba, da na matsu kuma shi ya fito.

Abin da Hajo ta gane a kallo ɗaya, Shagari ma ta gane. Ga shi kuma ba tafiyar kaɗai ba ce, dillalin albasa ne a kasuwar albasa. Yara suka riƙa bin Baba a baya suna jan ƙafa suna kiran Lawashi. Wani manomi ya kawo kaya, ya ce da shi cikin raha ko yau ma za a saya ba a duba ba. Baba ya naɗe buzunsa ya koma gida. Kasuwa uku ta ci ba a gan shi ba, mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi fita ba. Sai aka aiko wai iyayenta mata na son ganin Hajo. Ta tafi da yara da ƙullin kayan da ya fi na kwana biyu. Ba wanda ya ambaci sharaɗi, ba kuma wanda ya manta da shi. A ɗaya gefen darakta na ta kira, shirin ya karɓu, ana son ƙari, ni kuwa na kasa ɗaga wayar.

Na je wurin Arzika, lokacin ya tsufa, yana kishingiɗe a zaure. Ya zage ni tas, ya ce ashe shekara uku ya yi yana koya wa jaki karatu. Da ya gaji sai ya ce in yi tafiyar ya gani. Na yi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya share hawaye ya ce kaico, tafiya mai kyau a ƙafar da ba ta halatta ba. Shawararsa ɗaya ce, kada in tura malamai ko mai unguwa, in je wurin Labbo, don wutar da wasa ya kunna abokin wasa ke kashe ta.

Labbo na same shi yana yi wa wani aski a gindin dogon-yaro. Bai yi mini wasa ba ranar. Ya tambaye ni ko na san abin da ya mayar da ƙafar haka. Na ce a'a. Ya ce suna samari a garin Horo Birni kurkunu ya kama Baba a farkon damina, ga mahaifinsa ya rasu, ga ƙanne shida. Da rarrafe ya riƙa zuwa gona, yana noma a zaune yana jan jiki, har aka yi girbi. Ciwon ya warke, jijiyar ta ƙage. Ya ce, "Wagga tahiya da kaka ba mutane dariya da ita, ita tac ciyar da gida guda." Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na zauna a ƙasa na yi hawaye a gaban mai aski da wanda ake wa askin. Na ce ya faɗa wa Baba na bar wasa. Labbo ya ce in riƙe bakina, ba ni aka ba yanke hukunci ba, in zo jibi bayan la'asar, in kuma zo da jakar kayana.

Ranar na iso da jaka, na cire takalmi, na durƙusa. Ga ƙafafun nan biyu a kan tabarma, ga na Labbo a gefe. Bayan gaisuwa Baba ya yi magana, da Labbo, ba da ni ba. Ya ce shi bai ga abin ba, gidansa babu talabijin, faɗa masa aka yi, kuma shi bai taɓa sa wa buhu farashi bai ga cikinsa ba. A ce da yaron ya sa kayansa ya yi abin da ya yi, nan a gabansa.

Na yi wasa a gaban hakimai, na yi a tsakiyar kasuwa tana ci, amma ban taɓa shiga fili mai zafi kamar zauren nan ba. Na fita waje na ɗaura tumbi, na liƙa gemu, na goga gawayi. Na shigo, ido a ƙasa, na ja ƙafa a gaban mai ƙafar. Wurin da aka sayar wa Lawashi buhu na yi, sama albasa ƙasa duwatsu, shi kuma yana ta murna ya sami arha, yana kiciniyar ɗagawa yana yabon nauyin albasar bana. Ni ne Lawashi, ni ne mai sayarwa, ni ne jakin. Zaure tsit, ko Labbo ya ƙi taimakona. Gumi ya fara kwance ƙaron, ina jin gemu yana sulalowa.

Sai na saci kallon abin da aka halatta mini kallo. Babban yatsan ƙafar dama ya lanƙwashe ya kama tabarma. Can sai sauran yatsun suka bi shi, diddige ya fara rawa. Na san wannan rawar, dariya ce da ta rasa hanyar fita ta sauko ƙasa. Sabon shiga a nan ne zai ƙara wuta ya ɓata. Ni kuwa na tsaya cak, na rungumi buhun da babu shi, na bar shirun ya yi tsawo, sannan na ce a hankali cikin muryar Lawashi, "Kai, albasar bana har ƙara taka yi in an buga ta."

Ƙafafun suka miƙe zumbur, suka shige cikin gida da saurin da ban san suna da shi ba. Daga bayan katanga muka ji wani abu kamar an tsunduma tulu a rijiya, sai ga dariya ta ɓarke, ta tsoho, mai haɗe da tari da salati, matan gida suka kama. Na ji muryar Hajo a ciki. Labbo ya kwanta a tabarma yana dukan ƙasa. Ni kaɗai ne ban yi ba, don ban sani ba ko dariyar sallama ce.

An daɗe kafin ƙafafun su dawo, a jiƙe, da alama har fuska ya wanke. Ya zauna ya gyara murya.

"Labbo, hwaɗa mai, tahiya Allah yab ba ni ita, ban saye ta da kuɗɗina ba, in tana yi mai amfani shi ɗauka. Ba ita tah hana ni hita ba. Shekara arba'in ina kasuwa, wa yat taɓa sayar man da dutsi? Wane dillali ka sayen buhu bai soka hannu har ƙasa ba? In za shi ɗauki ƙahwata, shi haɗa da kaina. Ba ni yarda a ba ƙahwata kan sakarai."

Labbo ya juyo ya maimaita mini kalma-kalma, kamar ba a kunnena aka yi ba, ya ƙara da nasa, wai tsohon banza daɗi ya ji yake wani ɗaure fuska.

Da na kai wa darakta sharaɗin Baba, ya so ya ƙi. Ya ce mutane sakarai suke so, in Lawashi ya yi wayo wa za a yi wa dariya. Na ce to ya nemi wata ƙafar. Da ƙyar ya yarda a gwada shiri ɗaya. Muka bar komai yadda yake, malafa da giɓi da tafiyar. Macuci ya gan shi ya ce ga banza ta faɗi, ya yi ta shirya masa gadar zare, Lawashi na ta washe baki, sai a ƙarshe a ga ashe tun farko ya gane, macucin ne ke komawa gida da duwatsunsa a ka. Dabarun kuma ba ni na ƙirƙira ba. Duk mako Labbo zai zo Boɗinga da saƙo, wai a faɗa wa yaron albasar da ta fara ruɓa daga ciki a wuya ake gane ta, a matsa wuyan da babban yatsa, wai kuma tsohon buhu mai sabon zare a baki a zazzage shi. Shirin ya fi na da karɓuwa nesa ba kusa ba, har manoma suka riƙa cewa don koyon ciniki suke kallo. Na kuma ƙara wa Lawashi wani abu nawa na kaina: in ya gama da macuci, sai ya juya a kan diddigen hagu, zagaye guda cif, ya kaɗe hannun riga ya wuce. Hajo kuwa tun a makon farko ta dawo, da buhun albasa a bayan mota, wai in ji Baba a ba yaron ya ga yadda ta ƙwarai take.

Ban taka kasuwar Shagari ba sai bayan wata biyu, don kunya. Ranar da na je, na hango rumfarsa cike, har da waɗanda ba albasa ta kawo su ba. Na cire takalmi na durƙusa a gefe. Wani mai kaya na ta rantsuwa a kan buhunsa, Baba ya sa aka zazzage, sai ga ruɓaɓɓu a tsakiya, aka yi ta yi wa mai kayan tsiya har shi ma ya dara. Ina kallon ƙasa sai na ga ƙafafun sun taso sun nufo inda nake. Ta hagu ta ja, ta zagayo, faɗin zagayen ya fi na kullum. Diddige ya buga sau biyu. Da suka iso daidai gabana sai suka juya a kan diddigen hagu, zagaye guda cif, na ji an kaɗe hannun riga a saman kaina. Kasuwa ta kaure da sowa.

Da hayaniya ta lafa sai na ji muryarsa, a ɗaure kamar kullum.

"Labbo, tambaye shi, na yi daidai?"

Dariya ta cika mini ciki, ga shi ba a yin ta a gaban suruki. Na ƙara sunkuyar da kai na ce a faɗa wa Baba ya yi daidai, sai dai mu a wurin aikinmu ba a ɗauka sau ɗaya. Labbo ya isar. Wallahi tsohon nan sai ya koma bakin rumfa, ya gyara zaman rigarsa, ya sake tahowa.